Inji Ya Ɗauke Mana Niƙa, To, Ina Muka Kai Lokacin?

 Yau zancenmu a kan ƙasar Minjibir ne, arewa maso gabas da birnin Kano. Ƙasa ce ta manoma, gona manne da gona, ba a tafiya mai nisa ba a ga gida ba. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da dubu 200 a cikinta, daga Minjibir ɗin kanta har Kunya da Wasai da Kwarkiya da sauran garuruwa. Ko wane ɗaya daga cikinsu yana son koko da safe, fura da rana, tuwo da dare. Gero da dawa kuwa ba su zama gari don kansu, sai an mai da su. Mai mayarwar nan, tun kaka da kakanni, mace ce.

Yadda A Ke Yi A Da

Ke 'yar makaranta, tambayi kakarki ki sha labari. A ciro dami daga rumbu, a yi sussuka, a sheƙe. A zuba a turmi a surfa, a bakace dusa, a wanke, a bari ya tsane. Sa'an nan mace ta durƙusa gaban dutsen niƙa, ko kuwa ta ribɗa a turmi, ta tankaɗe, ta mai da tsakin ta sake dakawa. Tun asuba a ke farawa, wani lokaci hantsi ya dubi ludayi ba a gama ba. Hannu ya yi kanta, baya ya riƙe, ga goyo, gobe kuma a sake.

A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. Littafin ya fito a 1954 da sunan Baba of Karo, cike ya ke da zancen aikin mata na cikin gida da waƙoƙinsu. Dalili kuwa, aikin da waƙar ba su rabuwa. Mata uku su kewaye turmi ɗaya suna lugude, taɓarya na bin taɓarya, har mai wucewa ya rage tafiya. Kan dutsen niƙa amarya ke rera begen gidansu. A nan a ke yi wa kishiya habaici, a nan a ke yabon ɗan fari ba tare da an kama sunansa ba. Abin da kunya ta hana mace faɗi da baki, sai waƙar niƙa ta faɗa mata.

Zuwan Inji

Yau da wuya ki sami gari mai kasuwa a ƙasar Minjibir wanda ba a jin ƙugin injin niƙa. Cikinsa ba wani asiri: faranti biyu ne na ƙarfe masu haƙora, ɗaya a kafe, ɗaya yana juyawa, fetur ko dizal ko lantarki ke ba shi ƙarfi ta hanyar bel. Hatsin da ke cin safiya guda, yanzu kafin a gama gaisawa ya zama gari. Ga markaɗen kayan miya, ga waken ƙosai da alale, ga gyaɗar da za a matse a sami mai da ƙuli-ƙuli. Wadda duk ta taɓa durƙuso gaban dutse ba ta bukatar a gaya mata wannan rahama ce.

Amma fa ba a samun alheri ba tare da wani ya yi hasara ba. A da zawarawa da matan da ba su da ƙarfi da dakau da niƙau su ke samun na gishiri da daddawa. Inji ya karɓe wannan. Haka ya faru da kaɗi. Minjibir ta yi suna da masaƙa, a da kuwa zaren masaƙi daga mazarin mace ya ke fitowa. Da aka buɗe masaƙar zamani a Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya, zaren kanti ya yawaita, sai mazari ya koma bayan gado. Har wa yau, inji kuɗi ya ke ci. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin niƙa ya tashi a ko ina. Saboda haka mace mai dabara ba ta ba da turminta kyauta ba tukuna.

Tun da ya ke abin da ya shiga inji cikin iyalinmu za shi, ga abubuwa uku da ya kamata a kula. Na ɗaya, farantin nan yana cinyewa, kuma garin ƙarfen cikin abinci ya ke faɗawa, balle ranar da aka wasa shi. Ki roƙi mai inji ya fara zuba dusa ta share kafin ya zuba naki. Na biyu, gari yana fitowa da zafi. Ki baza shi a kan tsabtataccen faifai ya huce kafin ki rufe, don kada ya yi gumi ya lalace. Na uku, ki tsince masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna kafin a kai niƙa. Fumfunar nan tana da dafi mai cutar da hanta, dahuwa kuwa ba ta kashe shi. Rigakafi ya fi magani.

Waƙa Ta Koma Akwati

Da turmi ya yi shiru, waƙarsa ma ta yi shiru, sai rediyo ta gaje wurin. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962. Daga baya kaset ya zo, ya shigo da 'yan amada har cikin ɗaka, irin su Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta kuwa sha yi wa mata gargaɗi su tashi su nemi na kansu. A 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya, yanzu ga waƙa ɗari a ɗan ƙwayar da bai kai farce ba. Gidajenmu sun cika da kiɗa fiye da ko wane zamani, amma mu da mu ke yin waƙa a da, yau masu sauraro ne.

Ba mai cewa a koma dutse don a ji waƙa. Amma wayar nan da ke hannunki tana ɗaukar murya. Ki zauna kusa da kakarki da yamma, ki lallaɓe ta ta rera miki na niƙa da na daɓe da na gaɗa, ki ɗauka, ki kuma rubuta a littafi. Ranar da tsofaffin nan suka kau, ba inda za a sayo su.

Babbar Tambaya

To, yanzu mu zo ga ainihin magana. Inji ya rage wa ko wane gida sa'o'i masu yawa. Ina suka tafi? Ki tsaya bakin inji da misalin ƙarfe takwas na safe ki duba su wa ke layi da ƙwarya. Yawanci 'yan mata ne ƙanana, daidai lokacin da a ke buga ƙararrawar makaranta. In ta dawo, uwa ta soya ƙosai ko awara, a ɗora mata tire, sai talla. Watau aikin ya sauka daga bayan uwa ya hau kan 'yarta.

Wannan ba sabon abu ba ne. Wata masaniya 'yar Amurka, Enid Schildkrout, ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matan kulle a kan tallar yara ta dogara, ribar kuwa da ita a ke tara wa yarinya kayan ɗaki. Saboda haka uwar da ta ce ba ta iya sakin 'yarta, ba mugunta ce ta sa ta ba. Da kuɗin nan a ke cefane, da shi a ke fita kunyar biki. Sai dai mu yi lissafi. Kwano da langa su kan tsufa, su fashe, a sayar da su ranar matsi. Abin da aka zuba a kan yarinya ba mai raba ta da shi, ko aure ya yi daɗi ko ya ƙi.

Ƙofa kuwa a buɗe ta ke. An fara ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976. Dokar 2004 ta ce ko wane yaro, namiji ko mace, ya yi shekara 9 yana karatu, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. A 2019 Gwamnatin Jihar Kano ta shelanta ilmi kyauta kuma dole. Gaskiya ne azuzuwa sun cika, wani wuri ba benci, litattafai kuma sai iyaye sun saya. Duk da haka wadda ta je ta fi wadda ba ta je ba.

Wa Zai Zauna A Teburin?

Ku duba ofisoshin da ke kusa da ku: sakatariyar ƙaramar hukuma, asibiti, ɗakin shan magani, makaranta. A da akawu da tafiretarsa a ke gani, yau kwamfuta ce a kan tebur. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a kan kwamfuta a ke yinta. Yarinyar da ba ta taɓa danna ta ba, ko tana da ƙwaƙwalwa, ranar nan hannunta zai yi rawa. Ko wace mace in ta je awon ciki ta fi son 'yar'uwarta mace ta duba ta. To, ungozomar nan da malamar nan da mai rubuta katin nan, daga wane gida za su fito in kowa ya riƙe tasa a bakin inji?

Ko wadda ba za ta taɓa aikin ofis ba, ofis ya biyo ta har ɗaka. A farkon 2023, da takardun kuɗi suka yi wuya, masu sayar da abinci da yawa sai ta waya aka riƙa biyansu. Wadda ta iya karatu ta duba saƙo da idonta ta san kuɗi sun shigo. Wadda ba ta iya ba sai ta miƙa wa wani wayarta da asirinta. Kada kuma wani ya ce muku karatun mata baƙon abu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa aika jajis ƙauyuka suna koya wa mata, da waƙa kuwa su ke koyarwa.

Abin Da Za Mu Iya

Ba sai an jira gwamnati ba. A kai niƙa da la'asar ko ranar da ba makaranta, a niƙa na kwana uku gaba ɗaya. Gidaje uku ko huɗu su haɗa, yau yaron wannan ya kai, gobe na waccan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yara maza ma su ɗauki ƙwarya, ba ta rage musu komi. In talla ta zama dole, a bari sai an tashi daga makaranta, cikin unguwa, a dawo kafin magariba. Masu sayen ƙuli da man gyaɗa a ba su lamba su riƙa kira su aiko. Cikin kwasar adashi kuma a ware na littafi da alƙalami kafin a sayi kwalla. Maigida ma a nuna masa lissafin nan cikin ladabi, sa'ad da ya ci ya ƙoshi.

Ke kuma 'yar makaranta, ki sani sa'o'in da ki ke zaune a aji, kakarki a durƙushe ta yi su. Kada ki ƙarar da su kan waya da hira. In kin dawo ki karɓi tankaɗe, ki kuma koya wa innarki rubuta sunanta da karanta lamba, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma ilmi ba ya tsufa.

Wadda duk ta ke da dabarar da ta yi mata amfani, ko waƙar niƙa ta garinsu, ta rubuto wa wannan fili don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.