Abin da ya kamata ku sani kafin ku mai da firiza ta zama mazubin zoɓo mai famfo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Ƙaraye ko kasuwar Rogo cikin watan Afrilu, rana ta take, zafi ya kai digiri 40, ya san darajar zoɓo mai sanyi. Ya kuma san takaicin a miƙo masa gora ta daskare kamar dutse, ya yi ta girgiza yana tsotsa, ƙishirwa na nan daram. Mai saye sanyi yake nema, ba ƙanƙara ba. Mai sayarwa kuwa ta ƙona wuta, ko man janareta, wajen yin ƙanƙarar da ba a tambaye ta ba.

Maganin wannan ya daɗe a Amurka, wurin masu haɗa giya a gida. Giya ba tamu ba ce: addini ya haramta, dokar Shari'a da Kano ta ɗauka a shekarar 2000 ma ta hana sayar da ita. Amma dabarar sanyayawar za ta yi wa zoɓo da lemon citta aiki.

Firiza mai murfi a sama an ƙera ta ne ta kai digiri 18 ƙasa da sifili. Abin sha kuwa digiri 3 zuwa 4 ya ishe shi. Sai a sayi ƙaramar na'urar daidaita sanyi, irin su STC-1000, mai gyaran firij ya haɗa ta tsakanin soket da firiza. Tana da siririyar waya mai kai kamar ƙwayar wake, wadda ke jin sanyi. Da an kai digirin da aka saita, sai ta yanke wuta. A ɗaure kan wayar jikin gorar ruwa, kada a bar shi yana lilo cikin iska, in ba haka ba kwamfireso, wato injin firizar, zai yi ta tashi yana mutuwa har ya ƙone. A kuma saita jinkirin aƙalla minti 3 kafin kowane tashi.

Me ya sa firiza ta fi firij na tsaye? Iska mai sanyi ta fi nauyi. In ka buɗe ƙofar firij sai ta zubo ƙafarka. In ka ɗaga murfin firiza, tana kwance a ciki kamar ruwa a randa. Ga mai sola da batir, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai inbata ta zama mai ƙarfi, domin kwamfireso yana jan wuta ninki da yawa a lokacin tashi.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya da kyau. Kada ku huda jikin firiza don sa famfo. Bututan gas a cikin bangon suke, a ɓoye ƙarƙashin ƙarfen, ido ba ya ganin su. Ƙusa ɗaya ta isa ta kashe firizar da aka yi adashin shekara kafin a saya. Sababbi da yawa kuma gas ɗin R600a ke cikinsu, wanda ke kama wuta. Dubi tambarin da ke baya za ka gani. Abin da ake yi shi ne a kwance murfin, kafinta ya haɗa katako mai kusurwa huɗu daidai bakin firizar, a zaunar da shi a kai, a toshe kafofi da soso da gam, sannan a mai da murfin bisa katakon. A jikin katakon ake huda ramin famfo.

Da yake famfon yana sama da jarkar zoɓon da ke cikin firizar, zoɓo ba zai hauro da kansa ba. Turawa da tukunyar gas suke turo nasu. Mu ƙaramin injin jan ruwa mai bolt 12 ya wadatar. Jarka da tiyo su zama na robar abinci. Zoɓo yana da tsami, yana cin kwanon alminiyam, kuma jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta da wurin zama a nan, ko sau nawa aka wanke ta. Kunun aya kuwa a bar shi a gora: yana kwanciya ya toshe tiyo, ga saurin lalacewa.

Masu kifi na dam ɗin Challawa da mahauta, wannan gyara ba naku ba ne. Kayanku daskarewa suke so.

Raɓa za ta riƙa taruwa a ƙasan firizar, a tsane ta da tsumma kafin tsatsa ta kama. Tiyo kuma a wanke shi kowace yamma da ruwan ɗumi, domin sukarin da ya kwana a ciki shi ke tsamar da zoɓon gobe, ya ɓata cikin yaran mutane. Uwargida, in kin san ba za ki iya wankin nan kullum ba, ki sa na'urar daidaita sanyin kawai, ki ci gaba da ƙulla kayanki a gora.