Littattafan Hira a Makarantun Sheme da Kewaye

Duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san wannan al'amari. Ana tsakiyar darasin lissafi, sai malam ya hangi wata yarinya can a bencin baya ta sunkuyar da kai, ta yi tsit irin wanda lissafi ba ya sa yaro ya yi. In ya je ya ɗaga littafin aikinta sai ya tarar da wani ɗan littafi a ƙarƙashi, bangonsa duk ya yage don yawan hannun da ya bi. Malam ya karɓe, ya yi faɗa, ya jefa shi cikin durowa. Karɓewar kam daidai ce, gama kowane abu da lokacinsa. Abin da mu ke so mu yi shawara a kai da malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi shi ne abin da ya kamata a yi da wannan littafi, da mai shi, bayan an kaɗa ƙararrawar tashi.

Mun zaɓi mu yi maganar a kan Sheme da garuruwan da ke kewaye da ita saboda wani dalili. Sheme tana cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, daidai inda hanyar Ƙanƙara ta rabu. Mutanen wannan yanki ba su bukatar a gaya musu abin da ya sami karatun 'ya'yansu. Ran 11 ga Disamba, 1920 ba mu ke nufi ba, ran 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara da dare suka kwashe yara fiye da 300, ba a sako su ba sai bayan kwana shida. Gwamnatin Jihar Katsina ta rufe makarantun kwana a lokacin. A ƙarshen Agusta, 2021, aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sa'an nan cikin Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Iyalai da yawa sun bar ƙauyukansu sun komo gari. Yaron da ya yi wata uku ko shida ba ya zuwa makaranta, in ya komo malam ya kan tarar bakinsa ya yi nauyi, yana bin haruffa da yatsa kamar ɗan aji biyu. Karatu kamar fartanya ya ke, in an jingine ta damina guda sai tsatsa. To, me zai hana tsatsar nan a lokacin da malam ba ya kusa? Ba mu taɓa jin yaron da ya ɗauki littafin nahawu don kansa ya kwanta da shi a gindin bishiya ba. Wanda ya kan ɗauka shi ne mai labari.

Wannan kuwa ba sabon tunani ba ne. A 1933 Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya ga an koya wa mutane karatun boko amma ba su da abin karantawa sai littattafan aji, ya sa gasa a tsakanin malamai su rubuto labarai na ƙirƙira. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar, aka fara buga su a 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yana koyarwa a Midil ta Katsina, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East. Ku duba fa, waɗannan littattafai da yau mu ke sa yara su yi jarrabawa a kansu, mu ke kuma ambatonsu da girmamawa, an rubuta su ne don a ji daɗi a yi dariya. Ruwan Bagaja cike ya ke da damfara da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Jiki Magayi kuwa labarin soyayya ne tsantsa a farkonsa: saurayi na son yarinya, mai kuɗi ya zo ya aure ta, abin da ya biyo baya ya zama masifa ga kowa. Saboda haka duk mai cewa labarin soyayya baƙo ne a rubutun Hausa, sai ya sake lissafi daga 1934.

A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, an sake fahimtar abin nan. Dattijon da ya kwashe watanni yana zuwa ajin yamma, in ya karɓi takardar shaida ya rasa abin karantawa, kafin shekara ta zagayo ya koma inda ya fito. Shi ya sa hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai masu arha da jaridun larduna, irin su Himma ta Lardin Katsina. Ma'aikatan En'e na wancan zamani su ne 'yan gaba a wannan aiki, kuma ku da kuka gaji kujerunsu kun gaji wannan nauyi tare da su.

Bari mu fara da littattafan soyayya, tun da a kansu rigimar ta ke. Hafsatu Abdulwahid ta buɗe wa mata ƙofa da So Aljannar Duniya, wanda Kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, galibi a Kano, har abin ya zama kasuwa. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991, ya shiga kusan kowane gida. Mu na wannan yanki muna da namu rabo a ciki, gama Hajiya Bilkisu Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, mai Allura Cikin Ruwa, maƙwabciyarmu ce. Ba za mu ɓoye ba, a cikin tarin littattafan nan akwai tarkace da yawa: labari guda a ja shi littafi uku don a sayar sau uku, rubutu ba ƙa'ida, gidan bene da mota a kowane shafi kamar ba a noma a ƙasar Hausa, wasu kuma akwai batsar da ba uban da zai so 'yarsa ta gani. Iyayen da suka yi kuka suna da hujja. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano har ƙone wasu ta yi, waɗanda aka karɓe daga hannun 'yan makaranta. Amma ba mu ji an daina karanta su ba bayan haka, sai dai an ƙara iya ɓoyewa.

Abin da ya kan ba mu mamaki shi ne, malamai da yawa masu hukunci a kan littattafan nan ba su taɓa karanta ko ɗaya har ƙarshe ba. Wanda ya karanta Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ya san labarin yarinya ce da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho, ta sha wuya, daga baya ta koma karatu ta zama ma'aikaciyar jinya. Wane jawabi ne hedimasta zai yi a taron iyaye wanda zai kai wannan labari shiga zuciya? Taurarin littattafan Anti Bilki su ma yawanci mata ne masu ilimi, masu aikin yi, masu riƙo da addini. Yarinyar ƙauye da ba ta taɓa ganin likita mace ba, wataƙila a irin wannan shafi ta fara jin cewa abin mai yiwuwa ne. Aikin malami a nan irin na mai sheƙa ne, ya raba tsaba da ƙaiƙayi, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai ya sa hannu cikin hatsin.

Littattafan wasan kwaikwayo ba su bukatar doguwar kariya. Jatau na Kyallu da Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, amfaninsu a aji a fili ya ke. Inda littafi guda ne ga yara arba'in, wasa ya fi kowane irin rubutu albarka: a raba sunayen 'yan wasa, littafin ya riƙa zagayawa, kowa na jiran layinsa, mai jin kunya ma ya buɗe baki don ba da sunansa ya ke magana ba.

Labarin binciken laifi, watau irin wanda a ke aikata ɓarna a shafin farko a yi ta neman mai laifi har shafin ƙarshe, shi ne ya yi mana ƙaranci. Turawan Ingila suna da Sherlock Holmes tun 1887, mu kuwa abin da ya fi kusa da haka a cikin sanannun littattafanmu su ne irin Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, mai maganar fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, dukkansu na 1982. Waɗannan na manyan ɗalibai ne. Muna son irin wannan labari saboda yana koya wa mai karatu wata ɗabi'a mai tsada: ya lura da ƙaramin abu, ya riƙe shi a ka har shafi hamsin, ya ƙi yarda da zargi sai da shaida. A wurin da jita-jita kan tashi kasuwa cikin minti biyar, a kuma nuna mutum da yatsa saboda ƙabilarsa kawai, wannan ɗabi'a ba ƙaramin abu ba ce. Sai dai a yi hattara. Yaron da ya ji ƙarar bindiga da kunnensa, ko aka ɗauke wani nasa, bai kamata a miƙa masa littafin kashe-kashe ba tare da tunani ba. Malamin ajinsa ne ya san shi, shi zai auna.

Ga ƙananan yara kuwa, har yanzu ba a kada Magana Jari Ce ba, littafi uku da Abubakar Imam ya rubuta aka buga daga 1937 zuwa 1939, inda aku ke tsare ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Gogan Naka na Garba Funtuwa, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, wanda ya ɗauki yaro ya kai shi yawo sararin samaniya. Samari kuma sun san littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini fiye da yadda malamansu ke zato. Amma ku lura da shekarun nan da muka lissafa. Yawancin abin da za mu ba ɗan shekara goma, kakansa ma shi ya karanta.

Wani zai ce ai yanzu duk labarin ya koma waya, ana karanta shi a WhatsApp da Wattpad, ana saurarensa a YouTube. Gaskiya ne, kuma marubuta mata da yawa ta nan suka fito, kamar yadda gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC ta fito da wasu tun 2016. Amma waya tana da aibi uku a wurinmu. Ba kowane gida ke da ita ba, inda akwai ma ba ta yaro ba ce. Malami ba ya ganin abin da ke cikinta balle ya tace. Na uku, masu rubutu a waya sun saki haruffa masu lanƙwasa, har yaro ya tashi bai san bambancin baki da baƙi a rubuce ba, ko kafa da ƙafa. Watannin da aka katse layi a 2021 sun kuma nuna cewa abin da ke kan iska ana iya ɗauke shi dare ɗaya, na takarda kuwa yana nan a ƙarƙashin tabarma.

Shawararmu ƙarama ce, ba ta bukatar kwangila. Kowace makaranta ta sami akwatin ƙarfe guda mai kwaɗo, da littattafai kamar arba'in, da littafin rajista. Kada akwatin ya zama na iri ɗaya: a sa na soyayya waɗanda malamai biyu, mace da namiji, suka karanta suka yarda da su, a sa na wasa, a sa na jarunta, a sa tsofaffin nan na Zariya. Wanda ya gama iri ɗaya, sai ya ɗauki wani iri kafin ya koma wa wanda ya fi so. A bar yara su tafi da su gida, ko da makaranta za ta rufe, musamman ma in za ta rufe. Wasu za su ɓace, wasu za su yage. A sa wannan cikin lissafi tun farko, kada a ɗora wa hedimasta laifi. Ran Alhamis kafin a tashi malam ya karanta babi guda da ƙarfi, ya tsaya daidai inda labari ya yi daɗi. Ƙungiyar iyaye da malamai na iya sayen akwatin, sashen ilimi na ƙaramar hukuma ya sa littattafan cikin kasafinsa kamar yadda ya ke sa alli, tsofaffin ɗalibai da ke aiki a Funtuwa da Kaduna kuma a roƙe su abin da ke jibge a ɗakunansu.

Saura abu guda. Da yawa daga cikin waɗanda suka rubuta littattafan 1934 malaman makaranta ne irinku, Abubakar Imam ma bai wuce shekara 22 ba sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja. Akwatin nan zai fi armashi ran da aka sami labarin da yaron Sheme zai ga kasuwar garinsu a ciki, da gonar auduga, da tashar mota, da wani ɗan aji biyar wanda ya gano wanda ya sace akuyar maƙwabcinsu. Shafi ashirin ya isa. Malamin da ya rubuta irin wannan, ya fara karanta wa ajinsa. In yaran suka hana shi tashi sai ya gaya musu ƙarshen, to, ya kai wa mai buga littattafai.