Amsar Tambaya: Faifan Ƙarfen Motsa Jiki

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa yana tambaya, me ya sa faifan ƙarfen motsa jiki da ya sayo ya ƙi shiga sandarsa? To malam, hudar tsakiyar faifan iri biyu ce. Akwai ƙarama, kimanin milimita 25, akwai babba, milimita 50, irin ta gasar Olamfik, wadda yawancin manyan injunan motsa jiki ke ɗauka. A gasa kuwa launi ke nuna nauyi: ja kilo 25, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10.

Saboda haka kafin ka biya, auna hudar, sannan ka ɗora kowane faifai kan sikeli kamar buhun masara. In gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, da ciwon baya za ka kwana. Allah ya kiyaye.