Yadda Toyota ta daina tara kaya a masana'anta

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Toyota na Japan ba shi da kuɗin cika ɗakunan ajiya da kayan haɗa mota kamar yadda takwarorinsa na Amurka suke yi. Wannan rashi ne ya sa injiniya Taiichi Ohno ya fito da wani tsari: kada a ƙera komai sai an buƙace shi, kuma daidai adadin da ake so.

Kowane akwatin kayan aiki yana ɗauke da kati mai suna kanban. Da ma'aikaci ya yi amfani da kayan akwatin, sai katin ya koma sashen da ya turo su, ya zama umarnin a ƙera wasu. In kati bai zo ba, injin ya huta. Ohno ya ɗauko dabarar daga manyan kantunan Amurka, inda ake cike gurbin abin da masu saye suka ɗauka kaɗai.

Abin da ya fi burge ni shi ne igiyar da ke rataye a gefen layin haɗa motoci. Ƙaramin ma'aikaci da ya hango tangarɗa yana da ikon jan ta, shugaban sashe ya zo nan take, in ta kama a tsayar da layin. Gara asarar 'yan mintuna da fitar da mota mai lahani.

Sai dai tsarin yana da rauni. Girgizar ƙasar da ta afka wa Japan a Maris 2011 ta katse hanyar kawo kaya, aka ɗauki watanni kafin aiki ya daidaita. Daga nan Toyota ta sa masu kawo mata ƙananan na'urorin lantarki su riƙa ajiye waɗanda za su isa watanni.