Ranar da Tsohon Kare Ya Kasa Tashi

Kare ba ya raki, kuma wannan halin nasa ne ke yaudarar mai shi. Zai kwana da ciwon ƙugu ko ƙodar da ta gaza, amma da safe ka fito ya kaɗa maka wutsiya, sai ka ce ai da sauƙi. Alamun suna inda ba a cika dubawa ba: haki ba gudu ba rana, zagayen tsakar gida cikin dare don ya rasa kwanciyar da ba ta masa ciwo, shinshina abinci ya kau da kai, ƙafafun baya su zame idan ya yunƙura, fitsari a makwancinsa wanda tun yana kwikwiyo bai taɓa yi ba. Manyan karnuka sukan tsufa tun shekara 8 zuwa 10, ƙanana kuwa sukan kai 14 ko fiye.

Abin da wasu ke yi a nan ne ke ci mini rai. Karen da ya shekara goma yana gadin gida ko yana bin maharbi daji, ranar da ya kasa sai a kai shi bayan gari a yar, ko a barbaɗa masa shinkafar ɓera a ce an hutar da shi. Guba ba hutu ba ce. Wata tana sa jini ya yi ta tsiyaya a cikin jiki kwana da kwanaki, wata ta sa shure-shure da kumfar baki har rai ya fita.

To, yaushe ne lokacin kai shi likita ya hutar da shi ya yi? A shekarar 2004 wata likitar dabbobi a Amurka mai kula da masu ciwon daji, Alice Villalobos, ta fitar da ma'auni mai tambaya bakwai. Magani yana kwantar da ciwonsa, yana kuma numfashi ba wahala? Yana ci? Yana shan ruwa? Ana iya tsabtace shi ba tare da gyambon kwanciya ba? Yana murna da mutanensa? Yana iya tashi? Ranakunsa masu daɗi sun fi marasa daɗi yawa? Kowace tambaya maki 10 ce, kuma jimillar da ta haura 35 tana nuna da sauran rayuwa mai kyau. Ta ƙarshen ta fi amfani a wurina, domin ƙauna tana makantar da ido. Sa alama a kalanda kowace yamma, ranar daɗi ko ta wahala. Bayan mako biyu takardar za ta faɗi abin da zuciya ke gudun ji. Sau da yawa jinkirin don kanmu muke yi, kare ne ke biyan kuɗinsa.

Amma a fara kai shi wurin likita. Ciwon gaɓoɓi da ruɓaɓɓen haƙori suna da magani, kuma karen da aka fid da rai da shi kan miƙe ya ƙara shekara.

Idan likita ya ce babu sauran dabara, aikin hutar da shi ba ya daɗewa. Yakan fara da allurar kwantar da jiki, sannan ya sa maganin sa barci mai ƙarfi, pentobarbital, a jijiyar ƙafar gaba, fiye da abin da jiki zai ɗauka. Hankali yana gushewa cikin daƙiƙoƙi, zuciya ta tsaya cikin 'yan mintoci. Idanu sukan zauna a buɗe, wani lokaci ya ja dogon numfashi ko fitsari ya zubo. Jiki ne ke saki, shi ba ya jin komai. In za ka iya, tsaya ka dafa kansa. A binne shi da zurfi, domin maganin yana nan a jikinsa, yana iya kashe ungulu ko wani karen da ya tono shi.

Mai jin nauyin abin ta fuskar addini ya tuntuɓi malaminsa, amma mas'alar ba sabuwa ba ce. A Mukhtasar na Shehu Halil an halatta yanka dabbar da ba a ci idan an yanke ƙauna da rayuwarta, masu sharhi kuma sun bayyana cewa don a hutar da ita ne.

Sai kewa. Babu mai zuwa maka ta'aziyyar kare, in ka yi magana ma wani ya ce, "Don kare?" Wani masani a Amurka, Kenneth Doka, ya yi rubutu a 1989 kan irin wannan baƙin cikin da jama'a ba su ba mai shi damar nunawa ba, kuma ɓoyewar tana ƙara masa nauyi. A Ingila ƙungiyar Blue Cross tana da layin waya na musamman don sauraron waɗanda suka rasa dabbobinsu. Tunanin "ko na yi gaggawa?" yana zuwa wa kusan kowa, kuma a nan kalandar nan take sake amfani. Yara kuwa a gaya musu gaskiya, cewa ya mutu kuma ba zai dawo ba. In ka ce barci ya yi, ƙaramin yaro zai yi ta jiran ya farka, ko shi kansa ya fara tsoron kwanciya.