Rawar Hannun Tsofaffi: Abin da Binciken Farfesa Okubadejo Ya Gano

A Danchadi da Bodinga da Shagari, kamar sauran garuruwanmu na Arewa, ba a rasa dattijon da hannunsa ke makyarkyata ko yana zaune bai taɓa komai ba, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, fuskarsa ta daskare kamar mai fushi. Wasu su ce tsufa ne, wasu su ce iska ce, wasu kuwa su ɗora wa maƙwabci laifin sammu. Sau da yawa likitoci suna kiran wannan ciwo da sunan Parkinson, watau sunan likitan Ingila da ya bayyana shi a 1817. Shi ne ciwon da aka tabbatar wa ɗan dambe Muhammad Ali a 1984.

Tushen ciwon yana cikin ƙwaƙwalwa. Akwai waɗansu ƙwayoyi da ke samar da sinadarin dofamin, wanda ke daidaita motsin jiki. In suka riƙa mutuwa sannu a hankali, sai jiki ya sandare, motsi ya yi nauyi, hannu ya kama rawa.

To, me ke kashe su? Masana sun daɗe da sanin cewa gado yana da hannu a ciki, amma kusan duk binciken a kan Turawa aka yi shi. Misali, akwai wani canji a ƙwayar gado mai suna LRRK2 da ya yawaita a cikin masu ciwon a Afirka ta Arewa. Farfesa Njideka Okubadejo, likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Jami'ar Legas, ta neme shi a jinin majinyatan Nijeriya, ba ta same shi ba. Wannan ya nuna cewa abin da aka gano a wata ƙasa ba lalle ne ya dace da mu ba, sai mun duba namu jinin.

Saboda haka ta haɗa kan likitoci daga asibitocin koyarwa na sassan ƙasar nan, har da na Arewa, suka riƙa rubuta majinyata suna ɗibar jini da yardarsu. Da haɗin gwiwar masana na Landan da na Amurka, aka kwatanta masu ciwon kusan 1,500 da mutane fiye da 196,000 marasa shi, dukkansu masu asalin Afirka. A 2023 aka buga sakamakon a mujallar Lancet Neurology.

Sun gano wani canji a ƙwayar gado GBA1, wanda kusan ba a ganinsa a jikin Turawa da mutanen Asiya. Aikin wannan ƙwaya shi ne samar da wani sinadari da ke taimakon ƙwayoyin jiki su narkar da shararsu. Bincike na baya ya nuna cewa canjin yana rage wannan sinadari. Wanda ya gaje shi daga mahaifi ɗaya, haɗarin kamuwarsa ya kai kamar ninki ɗaya da rabi na sauran mutane. Wanda ya gada daga uwa da uba duka, kamar ninki uku da rabi. Yakan kuma sa ciwon ya zo da wuri.

A nan sai mu yi hattara, jama'a. Haɗari ba hukunci ba ne. Mutane da yawa suna ɗauke da wannan canji har su tsufa ba su taɓa yin ciwon ba, akwai kuma masu ciwon da ba su da shi sam. Don haka babu dalilin fasa auren yarinya don hannun kakanta yana rawa, balle a ƙaurace wa gidansu. Ciwon ba ya yaɗuwa ta cin abinci kwano ɗaya ko gaisawa.

Amfanin binciken kuwa shi ne, yanzu masu haɗa magani sun san inda za su dosa game da baƙar fata, ba a bar mu a baya ba. Har yau ba a sami maganin da ke warkar da ciwon ɗungum ba, amma tun ƙarshen shekarun 1960 akwai ƙwayar lebodofa da ke cike gurbin dofamin, mutum ya iya riƙe cokali, ya ɗaure maɓallin rigarsa, ya taka zuwa kasuwa. Motsa jiki kullum ma yana taimakawa.

Ba kowace rawar hannu ce wannan ciwo ba, likita ne ke bambancewa. In akwai mai irin waɗannan alamu a gidanku ko a ikilisiyarku, kada a ɓoye shi a ɗaki, kada a ƙarar da kuɗi wurin boka. A kai shi asibitin da ke kusa, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Wanda zai raka shi ya lura da lokacin da alamun suka fara, da ko wani cikin dangi ya taɓa yin irinsa, domin likita zai tambaya.