Ina Maganin Feshi Yake Tafiya Bayan An Bar Gona?

Kowace shekara idan aikin koko ya kankama, samari masu yawa daga Arewa sukan gangaro gonakin Ondo da Ife da Ilesha neman ƙwadago. Cikin ayyukan da akan ba su har da feshin maganin ƙwari. Mutum zai goya tankin feshi, ya ɗaure hanci da tsumma, ya shiga gona tun hantsi har azahar. In ya gama sai ya kwance tsumman ya wanke hannu, yana tsammanin shi da magani sun rabu ke nan. Alhali kuwa a lokacin ne tafiyar maganin take farawa.

Masana sun tabbatar cewa ba dukan abin da aka fesa yake zama a kan ganye ba. Wani yakan bi iska nan take, wani kuwa yakan dinga tashi daga ganye da ƙasa har kwana da kwanaki. Idan ya shiga iska sai ya kasu gida biyu. Kashi ɗaya ya zama tururi wanda ido ba ya gani, kamar yadda fetur yake tashi in an bar jarka a buɗe. Ɗaya kashin kuwa ya manne a jikin ƙura da hayaƙi, ya bi su duk inda suka nufa. Don a gane yawan kowanne, akan kafa na'ura mai zuƙar iska kusa da gona. Iskar takan fara ratsa wata takardar tacewa wadda ke kama ƙura, sa'an nan ta ratsa wani soso mai kama tururi, a gwada kowanne dabam.

Abu uku ne suke yanke wannan rabo. Na farko halin maganin kansa. Sniper da Gammalin 20, wanda aka daɗe ana fesa wa koko a da, masu saurin zama tururi ne. Maganin ciyawan nan gilaifoset kuwa ba ya tashi da kansa, sai dai ya kama ƙasa, in iska ta kwashi ƙasar ta tafi da shi. Na biyu zafi. Muddin rana ta take, tururi yakan ƙaru, in sanyi ya sauka kuma wani sashe ya koma jikin ƙura. Na uku yawan ƙurar da ke cikin iska. Da hunturu, sa'ad da hazo yake tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi har ya rufe Ikko, ga kuma hayaƙin ƙunar daji, magani yakan sami wurin maƙalewa fiye da kullum.

Amfanin sanin wannan shi ne, kowane kashi da hanyar da yake bi ya shiga jiki. Tsumma yana iya tare manyan ɗigo da ƙura mai kauri, amma tururi ratsa shi yake yi ya wuce huhu, ba abin da ke tare shi sai takunkumi na musamman mai gawayi a ciki. Na jikin ƙura kuwa yakan sauka kan abinci da ruwan randa da tufafin da aka shanya, mafi laushinsa kuma ya kai can cikin huhu.

Har ila yau, wasu magungunan ba sa ruɓewa da wuri, saboda haka sukan yi nisan da ba a zato. An sami DDT da lindan, watau sinadarin da ke cikin Gammalin, a ƙasashen ƙanƙara na ƙarshen arewacin duniya inda ba a taɓa noma ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Sitokholm a 2001 don taƙaita irinsu, aka kuma sa lindan a ciki a 2009. A nan gida, hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni a 2019.

Maganar ba ta tsaya kan leburan gona kaɗai ba, gama abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ɗan kasuwar da ya sa wa wake ko masara magani a Mile 12 ko Sabon Badun, sa'an nan ya rufe ƙofa ya kwana cikin siton, tururin yake shaƙa har gari ya waye. Ƙwayar Phostoxin ma iskar guba take fitarwa, ta kuwa sha kashe mutanen da suka kwana kusa da buhuna.

Saboda haka ya kamata mai feshi ya yi aikinsa da sassafe ko da la'asar sakaliya, ya ba iska baya, ya dakata in tana kaɗawa da ƙarfi. Kada ya ci goro ko ya sha taba sai ya yi wanka da sabulu ya sake tufa. Kada a koma gonar nan da nan, kada kuma kowa ya kwana ɗaki ɗaya da hatsin da aka sa wa magani. Wanda ya ji jiri ko tashin zuciya ko yawu yana zubo masa, a hanzarta kai shi asibiti tare da kwalbar maganin, don likita ya san abin da zai yi.